Wasiƙar da aka rubuta sau biyu a falle ɗaya

Lokacin da nake karatu a Amurka na shiga aikin sa-kai na kwafe tsofaffin wasiƙun iyali zuwa kwamfuta. Ta farko da ta faɗo hannuna wata mata ce ta rubuta wa ƙaninta daga jihar Ohayo, a farkon shekarun 1840. Ina ganinta na ce wannan ai saƙar tabarma ce. Ta cika shafin tam, ta juya takardar a kaikaice, ta sake bi ta kan rubutun farko. Sai da na kwana uku kafin idona ya saba bin layi ɗaya ya ƙyale wanda ya gitta masa.

Na ɗauka rowa ce, Allah Ya yafe mini. Ashe kuɗin gidan waya ne. Kafin 1845 yawan falle da nisan tafiya ake dubawa: falle ɗaya da zai wuce mil 400 santi 25 ne, kuma galibi wanda aka aika wa ne ke biya. Ambulan ma falle ake ƙirga shi, shi ya sa suke ninke wasiƙar su liƙe bakinta da danƙo. Aljihun ƙaninta take tausaya wa. Kan sarki bai fito ba sai 1847, a 1851 kuma kuɗin ya sauko santi 3.

Kuskurena biyu. Akwai wata doguwar "s" ta da, na yi ta kwafe ta a matsayin "f". Na biyun ya fi ciwo: duk inda ta karya ƙa'idar rubutu sai in gyara mata, ni ga mai ilimi. Mai duba aikin ta maido mini da shi, ta ce in bar wa matar bakinta, don daga nan ake gane iya karatunta da yadda take furta kalmomi.

Abin da ke ciki kuwa, zazzaɓi ne, da farashin masara, da saniyar da ta haihu, da gaisuwar mutum-mutum har maƙwabta. A rubutun kaikaicen, tsakanin zancen ruwan sama da na zare, na tarar da layi ɗaya tak cewa sun binne jaririyarsu. Na koma na karanta har sau uku, ko ni ne na haɗa layi.