Littafi a cinya, tsinke a hannu

Shekara shida na yi ina saƙa abu ɗaya: hular jarirai, mayafin wuya, suwaita mai jiki sumul. Ciniki yana tafiya, har ina da yara uku da nake biya. Amma duk ranar da wata ta shigo da hoton suwaita mai tufka a ƙirji ta ce irinta take so, sai in ce mata zaren da ya dace ya ƙare. Ƙarya nake yi. Zare yana nan jibge, hannuna ne bai iya ba, girman kai kuma ya hana ni faɗa.

Kuma na san zaman nan ba mai ɗorewa ba ne. Tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, yau kuwa inji yana fitar da saƙa sumul cikin mintuna. Mai saƙar hannu da ba ta wuce nan ba, da inji take tsere.

Son karatu ne ya cire ni daga wannan rami. Ni ko takardar da aka naɗo kaya a ciki sai na karanta kafin in yar. Da wani tsohon littafin koyon saƙa ya faɗo hannuna, ban ɗauki tsinke ba, kwanciya na yi na karance shi kamar labari. A nan na gane abin da shekara shida ba su nuna min ba: duk adon da ke tsorata ni daga saƙi biyu ya fito, na gaba da na baya, kuma na bayan ma na gaban ne idan aka juya ƙyallen. Tufkar nan da tsibiran Aran na yammacin Ayilan suka yi suna da ita, sauya wa madaukan zare wuri ne kawai (ni ido nake ce wa kowane madauki da ke kan tsinke). Za ki zare ido uku ki sa a ɗan gajeren tsinke, ki saƙa ukun da ke biye, sannan ki dawo kan waɗanda kika ajiye. In kin riƙe su ta gaba, tufkar ta karkata hagu. In ta baya ne, dama. Na ajiye littafin ina jin haushin kaina.

Zanen saƙa ma karatu ne, da nasa ƙa'idar. Daga kusurwar ƙasa ta dama ake farawa, a yi hagu kamar rubutun Larabci, sai dai ana hawa sama ne. Kowane ɗan akwati ido ɗaya. Sati guda na yi ina bin layi da fensir kafin idona ya saba.

Suwaitar farko mai tufka ta ba ni kunya. Tufka tana tsuke saƙa, ni kuwa na yi lissafi da awon da na saba, sai rigar babban mutum ta fito kamar ta ɗan makaranta. Tun daga ranar ba a fara aiki a wurina sai an saƙa ɗan ƙyallen gwaji, an wanke, ya bushe, an ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Matsakaicin zare a tsinke mai milimita 4 yakan ba da kusan ido 22. Ƙirji mai santimita 100 ke nan ido 220 yake so. In hannunki sako-sako ne kina samun 20, wannan ido 220 zai ba ki santimita 110. Bambancin ido biyu, riga ta zama ta wani. Yara suna ganin gwajin ɓata lokaci ne, ni kuma nan ne kaɗai ba na sassauci.

Sai dai abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne iya karanta saƙar kanta. Da can in ido ya suɓuce ya gangara layi biyar, sai gabana ya faɗi, in warware aikin kwana biyu. Yanzu kwarashi nake ɗauka, in kamo idon, in riƙa jawo zaren kowane layi ta cikinsa kamar mai hawa tsani, har ya koma kan tsinke. Kafin in shiga wuri mai wuya kuma, nakan zura siririn zare mai wani launi ta cikin dukkan idon layin. Ko tufka da warwara za a yi, warwarar a nan za ta tsaya. Da wannan zaren na yi ƙarfin halin shiga dunduniyar safa, daga baya na shiga saƙa mai launuka ta Fair Isle, wani ɗan tsibiri a Shetland da ke arewacin Birtaniya. Ido yana ganin launuka barkatai, alhali biyu ne kawai a kowane layi.

Ana yawan tambayata yadda nake karatu ina saƙa. Ba kowace saƙa ba ce. Tsinke mai igiya wanda ake saƙa da shi a zagaye ba ya buƙatar juyi, saƙin gaba ne kawai har ƙarshe, yatsu suna jin ido ba sai an duba ba. Irin wannan nake ajiye wa littafi. Ko shi ɗin ya taɓa ci na: wani labari ya ɗauke min hankali, na ɗago na tarar hannun riga ya kusa kai gwiwa. In ana ƙirge kuwa, littafi rufe shi nake yi. A wurin aiki, in duk muna kan saƙa mai sauƙi, ɗaya takan karanta mana a bayyane, mu riƙa karɓa-karɓa.

Kwanan baya ƙaramar cikinsu ta kawo min gaban suwaita, idonta ya yi rau-rau. Tufka ɗaya ta karkata dama maimakon hagu, layi takwas a ƙasa.

"Anti, in warware duka?"

"Ido nawa ne a tufkar?"

"Shida."

Na ce ta saki shidan nan kawai su gangara zuwa wurin kuskuren, sauran su zauna a kan tsinke. Hannunta yana rawa ta sake su, ta sauya musu wuri, ta hau da su layi-layi. Ta fi rabin awa a kai. Ni kuma na koma shafin da na tsaya, ina satar kallonta ta saman littafi.