Bakin ƙofar pompiye ba wurin sauke siminti ba ne

Ni maso ne, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da cokalin gini a Damagaram. Aikin da ya hana ni barci bana shi ne shaguna goma da wani Alhaji ya ba ni in gina masa, a filin da ke maƙwabtaka da gidan ƴan kwana-kwana, waɗanda muke ce wa pompiye.

Filin yana da kyau, sai dai ba shi da baki a kan kwalta. Hanya ɗaya ce ke kai ka cikinsa, kuma ita ce motocin pompiye ke bi su hau titi. Alhaji yana da takardunsa, mai awo ya zo ya kafa borni a kusurwa huɗu. A wajensa hanya ta kowa ce.

Ran wata Talata kamiyo ya kawo mana siminti tan 10, buhu 200 ke nan. Direba ya gindaya motar a tsakiyar hanya, ya zare makulli, ya tafi shan shayi. Ƴan dako sun sauke kamar rabi sai muka ji jiniya a bayanmu. An buɗe ƙofa, jar mota ta turo kai, ta tsaya cak, hancinta dab da gindin kamiyo. Sojojin da ke ciki sun riga sun sa hulunansu. Wani yaro daga cikinsu, da bai wuce sa'ar ɗana ba, yana ta dukan ƙofar motar da tafin hannu. Ni na ruga neman direba, na same shi da kofi a hannu. Kafin a janye kamiyon nan minti bakwai suka wuce, na duba a wayata.

Da yamma Alhaji ya zo, ajidan, wani babba a cikin pompiye, ya fito ya same shi.

"Ajidan, hanyar nan fa hukuma ta yanka ta, ba ku kaɗai aka yanka wa ba."

"Ranka ya daɗe, wanda ya kira lambarmu 18 wuta ce ke cin gidansa. Me zan ce masa, ya jira a gama sauke siminti?"

Ba zan zalunci Alhaji ba. Da guminsa ya sayi filin, kuma ya yi alkawarin zai gyara hanyar da kuɗinsa, ya ɗauki maigadi mai hana tsayawa. Na yarda har zuciyarsa yake faɗa. Amma ni na san abin da ke biyo bayan gini, don na gina shaguna a Zango da Sabon Gari, na kuma koma na gan su bayan shekara. Mai shago zai kafa rumfa ya ci mita guda. Mai shayi zai ajiye benci, ƴan kabu-kabu su mai da inuwar tasha, mai sayar da man fetur ya jera kwalabensa. Sannan ga motar kaya kowace safiya. Wane maigadi ne zai kori ɗan hayar ubangidansa?

Mutane da yawa suna ɗaukar motar pompiye kamar kowace mota. Ba haka ba ne. Ruwanta a cikinta yake, lita dubbai, kuma kowace lita kilo guda ce. Da wannan nauyi ba ta iya kauce-kauce tsakanin babura, in za ta karya kwana sai ta sami fili sosai. Ga shi garinmu kowa ya san labarinsa da ruwa. A kan dutse muke zaune, ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926, har yau kuma daga nesa ake turo mana shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram. In tankin mota ya ƙare wuta ba ta mutu ba, dole ta je ta ɗebo ta komo. Kuma ba gobara kaɗai ke fitar da su ba: haɗari a hanyar Agadas, yaro ya faɗa rijiya, wani ya nutse a tabki da damina, duk ta wannan ƙofa ake fita.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, ƙanwata a Birni, tsohuwar unguwar garinmu, take aure. Wani hunturu wuta ta kama ɗakinta cikin dare, daga kaskon garwashi. Mota ta zo, lungu ya hana ta shiga, sai da aka yi ta haɗa tiyo daga nesa. Allah ya tsare rayuka, amma ko tsinke ba a fitar ba. Lungunan Birni kakanninmu suka yi su tun ba a san mota ba, ba mai ganin laifinsu. Wannan kuwa ni ne zan ɗora bulo da hannuna in matse hanyar, ina sane.

Na sami Alhaji a gida bayan isha'i, na ce: "Alhaji, a yi haƙuri da shago biyu na ƙarshe, a fasa ƙofa ta baya, ta wajen layin yamma. Masu kaya su bi can." Ya yi shiru, ya ce shago biyu kuɗin hayar shekara nawa ke nan, na lissafa? Na ce na lissafa. Ya ce zai yi shawara. Yanzu maganar tana gaban mai unguwa, ajidan ma ya kai nasa rahoton.

Kafin su gama, na hana kowace mota shiga hanyar. A bakin kwalta ake sauke siminti da yashi, can gefe, amalanke ya shigo da su kaɗan-kaɗan. Kuɗin amalanken daga aljihuna yake fita, aikin kuma ya ja baya da sati biyu. Jiya da azahar jiniya ta sake tashi, ina kan katanga, na bi jar motar da kallo har ta hau titi ba ta taka birki ba.