Jan layin da na ja a kan fassarar da ba ta da laifi

Har yanzu in na ga jan biro sai kunya ta kama ni. An ba ni aikin koya wa ƙananan ɗalibai ma'anar Fatiha, na baje fassarori uku a gabana, ina ji da kaina. Wata ɗaliba ta miƙo littafinta, ta rubuta "Sarkin ranar sakamako". Fassarar da na dogara da ita kuwa "Mamallakin ranar sakamako" ta ce. Ban tsaya tambaya ba, na ja wa rubutunta layi a gaban 'yan ajin, har da faɗan ta daina kwaso fassara barkatai.

Washegari malaminmu ya kira ni gefe. "Ɗana, da wace ruwaya yarinyar nan take karatu?" Na ce Warshu. "Kai fa?" Na ce Hafsu. Ban rufe baki ba na gane ɓarnar da na yi. Warshu daga Nafi'u "Maliki" yake karantawa ba ja, wato sarki. Hafsu daga Asimu kuma "Maaliki" ne da ja, wato mai mallaka. Duka ƙira'o'i ne ingantattu. Yarinyar abin da ke bakinta ta fassara.

Malam bai ƙyale ni a nan ba. Ya buɗe Baƙara, aya ta 228, ya ɗora yatsa a kan "ƙuru'i". A Larabci kalmar tana nufin haila, tana kuma nufin tsarki. Malikawa da Shafi'awa suka ɗauki tsarki, Hanafawa suka ɗauki haila, a kan haka ƙirgen iddar matar da aka saka ya bambanta. Hausa ba ta da kalma guda mai ɗauke da duka biyun, dole mai fassara ya zaɓi ɗaya, ko ya yi bayani a ƙasan shafi. Ashe shi ya sa ake kiran fassarar Alƙur'ani fassarar ma'ana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙasan shafin nan ne na tsallake, da gabatarwa, inda mai fassara kan faɗi ruwayar da ya bi da tafsiran da ya jingina da su. Yanzu su nake fara karantawa kafin na ce uffan.

Na ba yarinyar haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta. Ta ce ba komai. Amma jan layin yana nan a littafinta, duk ranar da ta kawo mini hadda sai na gan shi.