Tafasa da rai-ɗore: inda na kwana bayan mako bakwai a Agege

'Yan'uwa abokan koyo, assalamu alaikum. Yau mako bakwai ke nan da na ɗaura aniyar bin dangin wake na daji da ke fitowa da kansu a unguwarmu ta Agege da ke Legas, ga kuma inda aka kwana. Da farko na ci burin in san guda goma kafin ruwa ya ɗauke. Zuwa yanzu biyu ne kaɗai zan bugi ƙirji in ce na sani ciki da bai, tafasa da rai-ɗore, sai wasu uku da muke gaisawa daga nesa. Hakan bai dame ni ba, don biyun nan su suka koya mini yadda ake kallon ganye.

Mahaifiyata ce silar abin. Ta zo daga gida ganin jikanta, da ta kwana biyu sai ta yi marmarin kwaɗon tafasa. Busasshiya ba ta wuyar samu wajen masu kawo kayan miya daga Arewa, amma ita ɗanya take so. Na tuna na sha wuce wani fili kusa da layin dogo, cike da ganye mai fure ruwan ɗorawa. Bayan sallar Asuba na je na tsinko leda guda. Tana juyewa a faranti ta ɗauki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka duk wannan tafasa ce?"

"Inna, ai furensu iri ɗaya ne."

"Kama da wane ba ta wane. Rabi tafasa, rabi rai-ɗore. Jawo kujera ka gani."

Ta ware su kashi biyu tana hira da matata, ko kallon hannunta ba ta yi sosai. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ilimin da ke yatsunta na girma a gabansa ban ɗauka ba, kuma in ban tashi tsaye ba ɗana zai girma a Legas bai san ma akwai shi ba. Ranar na sayi littafin rubutu.

To ga abin da na tabbatar da idona, a kan tsiro sama da wanda zan iya ƙirgawa.

Abin da muke kira ganye ɗaya a tsirran nan ba shi ne ganyen ba, ɗan ganye ne. Cikakken ganyen shi ne siririn karan nan da 'ya'yan ganye suka jeru a kansa bibbiyu, suna fuskantar juna, babu tilo a ƙarshe. A tafasar da ta girma, jere uku ne, wato 'ya'ya shida. Kowane ɗa siriri ne ta gindi, ya buɗe ta sama, bakinsa a zagaye kamar bayan ludayi, kuma biyun ƙarshe sun fi sauran girma. Rai-ɗore kuwa galibi jere huɗu ne zuwa shida, 'ya'yan ganyensa masu tsini kamar bakin mashi, korensu ya fi duhu, karansa yakan yi ja-ja. Warinsa in an murza ya fi na tafasa ƙarfi da hawa kai, shi ya sa Inna ta fara da hanci. Sai dai ban ba ku shawarar dogara da wari kaɗai ba, domin tafasa ma tana da nata, kuma hancin ɗan koyo bai kai na tsohuwa ba.

Alamar da ta fi kwantar mini da hankali ƙarama ce ƙwarai, sai da na ari gilashin ƙara girma wajen wani maƙwabcina mai gyaran waya kafin na gan ta sosai. Dukansu biyu suna da wani ɗan ƙullutu a jikin karan ganye, mai fitar da ruwa mai zaƙi. Wurin zamansa ne ya bambanta. A rai-ɗore yana can gindin karan, dab da inda ya manne da uwar tsiron, a dunƙule, baƙi-baƙi, kamar kan allura mai kai. A tafasa sai ka haura sama, tsakanin 'ya'yan ganye biyu na farko, za ka ga wani ɗan tsinke a tsaye bai fi tsawon ƙwayar gero biyu ba. Ranar da na fara ganinsa ina durƙushe da hantsi, kiyashi ne suka nuna mini. Na ga suna hawa suna tsayawa a wuri ɗaya, kowanne ya kafa kai na ɗan lokaci ya sauka. Da na kara gilashin sai ga ɗigon ruwa yana ƙyalli a bakin tsinken. Na fi minti goma a wurin, har wani mai tura amalanke ya tsaya ya tambaye ni ko kuɗi na yar. Tun daga ranar in na rasa ƙullutun, kiyashi nake bi.

Da kwanso ya fito kuma magana ta ƙare. Na tafasa dogo ne siriri, kusan mulmulalle, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, yakan kai taƙi guda. 'Ya'yan ciki ruwan ƙasa ne masu sheƙi, an yanke bakinsu a karkace. Na rai-ɗore ya fi gajarta, a shafe yake, yana kallon sama, in ya bushe tsakiyarsa ta yi duhu gefunansa biyu su yi haske kamar an yi masa layi. 'Ya'yansa ma a shafe suke.

Me ya sa na nace a kan wannan bambanci? Saboda ɗayan abinci ne, ɗayan kuma sai da hattara. Ganyen tafasa mun tashi muna cinsa a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a dambu, a miya, kuma a Sudan har ruɓar da shi ake yi ya zama kayan miya mai suna kawal. Rai-ɗore an san shi a wajenmu da magani, ana dafa ganyensa don zazzaɓi. Amma ɗanyun 'ya'yan cikin kwansonsa guba ne. Suna lalata tsoka da hanta ga dabbar da ta ci da yawa, kuma a arewacin Indiya likitoci sun gano yara da dama sun rasa rayukansu bayan cin 'ya'yan suna wasa. Su ma 'ya'yan tafasa ba a bari su cika a abincin kaji ko na dabbobi. Na yi hira da wani dattijo mai sayar da tumaki a wajen Oko-Oba, na nuna masa kwanson na ce, "Baba, dabbobinku na cin wannan?" Ya ce, "Ɗana, mai ƙoshi ba ya kallonsa. Tsorona rani ne, ko ya shigo cikin harawa ban gani ba." Mai yara a gida ya duba bayan katangarsa, don Allah.

Batun sunayen masana ya ɗan ruɗa ni da farko. Tafasa ita ce Senna obtusifolia, rai-ɗore kuma Senna occidentalis. A tsofaffin rubuce-rubuce za ku gan su da sunan Cassia, domin sai a 1982 wasu masana biyu, Irwin da Barneby, suka sake rabon gidan suka mayar da su Senna. Za ku kuma ga an rubuta tafasa da Cassia tora. Wannan 'yar'uwarta ce ta jini wadda ta fi yawa a Asiya, kuma ita tsinke biyu gare ta, ɗaya a jere na farko ɗaya a na biyu, alhali tamu galibi ɗaya ne. Duk waɗanda na duba a Agege ɗaya na gani.

Akwai tambayar da ta daɗe tana cina: ta yaya tafasa ta zama dangin wake alhali furenta bai yi kama da na wake ba ko kaɗan? Furen wake a rufe yake, akwai babban fallen da ya miƙe a baya kamar tuta, biyu a gefe kamar fikafikai, sai biyu a ƙasa da suka haɗe kamar kwale-kwale. Na tafasa a buɗe yake, falle biyar a baje. Amsar tana kwanso. Gidan babba ne, jinsinsa ya kusa 20,000, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure, kuma abin da ya haɗa su shi ne kwanson nan mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya a jere. Ɗorawa da tsamiya da gawo duk 'yan gidan ne.

Sai abin da ya ba ni mamaki fiye da komai, wato saiwa. Kowane manomi ya san wake da gyaɗa suna gyara ƙasa, saboda ƙananan ƙululun da ke jikin saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska. Na ɗauka duk dangin haka suke. Bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, ƙasa ta yi laushi, na tuge tafasa biyar da rai-ɗore uku na wanke saiwar a bokiti. Ba ƙululu ko ɗaya, sai doguwar saiwa da ta nutsa ƙasa. Na zaci garin tugewa suka zube. Da na bincika sai na tarar haka halittarsu take, 'yan Senna ba sa yin ƙululun. A gefensu na tuge wata biya-rana, mai ganye tilo-tilo da fure rawaya irin na wake, wadda masana ke kira Crotalaria retusa. Saiwarta cike da ƙululu. Na tsaga ɗaya da reza, cikinsa ja-ja kamar naman kifi, alamar yana aiki ke nan. Kwansonta a kumbure yake, in ya bushe ka girgiza sai ya yi ƙara kamar caki. Ita ma guba ce ga hantar dabbobi, musamman dawaki.

Sauran biyun a taƙaice. Akwai mai yaɗo a jikin waya da shinge, ganye uku-uku, fure ruwan shuni mai haske wanda babban fallensa yake ƙasa maimakon sama. Centrosema ce, asalinta daga nahiyar Amurka, an kawo ta don rufe ƙasa a gonakin roba da kwakwar manja, ta bazu. Ku kiyaye, ƙarara ma uku-uku take, Yarbawa na ce mata werepe, furenta shuni ne mai duhu a rataye, kwansonta lulluɓe da gashin nan mai ƙaiƙayi. Kada ku sa hannu cikin yaɗo sai kun ga kwanso.

Wajen busar da samfur na sha asara. Na matse su cikin jarida tsakanin kwali biyu, na ɗora dutsen guga da buhun shinkafa, na bar su kwana huɗu. Da na buɗe duk sun yi fumfuna. Laimar Legas ba irin ta Arewa ba ce, sai an canza jaridar kullum, kwana biyun farko ma safe da yamma. Ku kuma tsinko da hantsi ku matse nan take, domin tafasa tana rufe ganyenta da yamma, haka ma in ta fara yaushi, sannan ba za ta ƙara shimfiɗuwa da kyau ba. A kan kowane shafi ina rubuta rana da wuri da irin ƙasar da launin fure, don launi yana gushewa.

Kwaɗon Inna dai ba da tafasar bakin layin dogo aka yi shi ba. Ta hana, ta ce wurin da kwata ke bi kuma ake feshin maganin ciyawa ba wurin tsinkar abinci ba ne. Yanzu na tara 'ya'yan tafasa a kwalba zan shuka a buhu a bayan gida, na kankare bayan rabinsu da takardar goge katako don in ga ko za su riga sauran tsirowa, tunda ɓawonsu tauri gare shi. Waɗanda kuke wajen Alaba Rago da Mile 12 da Idi-Araba, ku taimaka ku duba mini tafasar wajenku, ganye goma-goma, ku ƙirga tsinken da ke tsakanin 'ya'yan ganye, ku faɗa mini ko wani ya ci karo da mai biyu.