Kafin a tafi sayen kayan jariri, a fara yin wannan lissafin

Da zarar an tabbatar ciki ya shiga, hankalin ma'aurata da yawa yakan tafi kan riguna, bahon wanka, tawul da gadon jariri. A ganina wannan ne ɓangare mafi sauƙi a hidimar, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi cikin wata 5 zuwa 6, don haka ƙananan rigunan nan 'yan makonni kawai za su yi masa. Guda shida ko bakwai sun isa, kuma na aro ma ba laifi.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne asibiti. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, a yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24, ta kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum. Kowane zuwa yana da kuɗin mota, wani lokaci da na gwajin jini da fitsari. Kada a yi tsimi a nan. Hawan jinin da awo zai gano da wuri, idan aka bar shi, yana iya kaiwa ga jijjiga, kuma jinyarta ta ninka kuɗin awon duka, ban da haɗarin rai.

Sai ranar haihuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tanadi kuɗin haihuwa mai sauƙi kawai. A duniya, kusan haihuwa 1 cikin 5 ta hanyar tiyata ake yin ta, kuma kusan jariri 1 cikin 10 yana zuwa kafin ciki ya cika mako 37. Saboda haka ku tambayi asibitin da kuka zaɓa farashi biyu, na haihuwa da kai da na tiyata, kuma ku sa a faɗa muku abin da ke ciki: kwanakin gado, magunguna, ledar jini in an buƙata, da kuɗin kwana ɗaya a ɗakin bakwaini. Babban adadin shi za ku tara, kuma ya kammala kafin wata na bakwai, domin naƙuda ba ta jiran albashi. Masu inshorar lafiya su karanta sharuɗɗanta da kyau. Wasu ba sa biyan kuɗin haihuwa sai an yi watanni da rajista, wasu kuma sai an shigar da sunan jaririn daban.

Bayan an dawo gida, ƙananan kuɗi ne ke fita ba tsayawa. A makonnin farko jariri yakan ɓata famfas 8 zuwa 12 a rana, wato wajen 300 a wata. Nafkin mai wankuwa ya fi araha, amma yana cin ruwa da sabulu da lokaci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne madarar gwangwani. Jaririn da ita kaɗai yake sha yana buƙatar kusan kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 40 masu nauyin giram 500. Idan kuɗi ya ƙare a tsakiya, sai a fara ƙara ruwa don ta yi auki, yaro ya rame. Ga shi kuma a lokacin nonon uwa ya riga ya ragu, tunda tsotso ne ke sa shi zuwa. Shayar da nono zalla har wata 6 ita ce ta fi wa yaro da aljihu, sai dai uwar tana buƙatar ƙarin abinci da hutu, wannan ma a sa shi a lissafi.

Akwai kuma kuɗin da zai daina shigowa, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tanadi hutun haihuwa na mako 14 aƙalla, tare da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Ƙasashe da yawa ba su sa hannu a kanta ba, mai sana'ar kanta kuwa ranar da ta zauna ranar samunta ya tsaya. Wadda aka yi wa tiyata tana buƙatar wajen mako 6 kafin ta koma aiki mai nauyi. In ta koma, wa zai yi rainon, kuma nawa za a biya shi?

Ga gwajin da nake ba da shawara. Ku rubuta abin da ke shigowa gida a wata, ku cire samun uwar, ku cire kuɗin famfas, sabulu, magani da ƙarin abinci. Ku zauna a kan abin da ya rage har wata uku tun cikin yana ƙarami, kuna ajiye bambancin a gefe don asibiti. In kun ƙarasa wata ukun ba ku ci bashi ba, za ku iya. In kuwa kun kasa tun a wata na farko, kuna da sauran watanni na biyan tsofaffin basussuka, rage wasu hidimomi, da yin magana da dangin da za su taimaka da raino.