Bargon da ba a rufa da shi

Shagona yana Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka, ɗaki biyu ne a bayan wani tsohon gini. Ɗaya na keken ɗinki mai dogon hannu, ɗayan kuma na yanka da guga da bangon da nake jera ƙyallaye. Abin da muke yi shi ne kwilt, wato yadi hawa uku da ɗinki ya haɗe: fuska a sama, auduga a tsakiya, shafi a baya. Mutanen ƙasar nan sun gaje shi ne a matsayin abin rufa na lokacin sanyi, kuma har gobe yawancin aikin da ke shigo mana na gado ne. Amma akwai wani iri da ba ya hawa gado sam. Don bango ake yin sa, a tura shi wurin baje kolin da ba a shiga sai an tantance. Matanmu Hausawa da ke leƙowa shago sun fi tsayawa a kan wannan. Wata dattijuwa ta shafa guda ta ce, "Hajiya, wannan ai ko ƙafar yaro ba zai rufe ba." Na ce, "Inna, ai ba a rufa da shi." Ta ce, "To, Allah Ya ba da kasuwa," da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu.

Ba ta yi ƙarya ba. Aikin bango ba shi ke biyan kuɗin haya ba. Mai biya shi ne keken nan mai dogon hannu, wanda teburinsa ya kai ƙafa 12. Mata da yawa a nan suna haɗa fuskar kwilt a gida da ƙaramin keke, amma ɗinke hawa ukun ya fi ƙarfin kekensu, sai su kawo mana. Lissafin da aka saba da shi a sana'ar shi ne santi 2 zuwa 3 (santi ɗari ne dala ɗaya) a kan kowane inci murabba'i idan ɗinkin bai-ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Na babban gado mai inci 90 da 100 yakan tashi kusan dala 200 zuwa sama, a kuma gama shi a yini. Akwai masu kawo rigunan 'ya'yansu na makaranta a haɗa musu bargo idan za su tafi jami'a, akwai masu kawo tufafin mamaci. Daga ribar wannan nake sayen lokacin da nake zubawa a aikin baje koli, wanda guda ɗaya kan cinye watanni ba tare da tabbacin ko sisi zai dawo ba.

Wanda zai shiga wannan harka, abu na farko da ya kamata ya gane shi ne wuraren baje kolin ba ido ɗaya gare su ba, kuma akwai dalili. Kafin 1971 ba a cika ɗaukar kwilt a bakin komai ba sai aikin mata na cikin gida. A shekarar ne gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin kwilt a bango kamar zanen fenti, daga tarin da Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka yi, mutane suka fara kallon su da wani ido. Sai dai masu ɗinka sababbi da salon da ya kauce wa na gargajiya sun rasa inda za su kai, domin gasar gargajiya ba ta maraba da su. Shi ya sa Nancy Crow da abokan aikinta suka kafa baje kolin Quilt National a 1979 a garin Athens, nan cikin Ohayo, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga shagona. Ginin ma tsohon garken shanun nono ne da aka ceto daga rushewa, har yanzu Dairy Barn ake ce masa. Duk shekara biyu ake yi, a shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu, mutum uku ne ke tantancewa, abin da ke tsallakewa kuma bai cika wuce tamanin da 'yan kai ba cikin ɗaruruwan da ake turawa daga ƙasashe daban-daban. Bayan shekara goma Yvonne Porcella ta kafa SAQA, ƙungiyar masu kwilt na fasaha, a 1989, wadda yanzu ke shirya baje koli masu yawo gari-gari.

A ɗaya ɓangaren akwai manyan bukukuwa irin na Houston da ake yi da kaka, da na Paducah a jihar Kentaki cikin Afrilu, da na Birmingham a Ingila da bazararsu. Can akwai rukunin aikin fasaha, amma akwai alƙalan da za su ɗaga kwilt su duba bayansa, su ƙirga ko tsawon ɗinki ya yi daidai, su latsa kusurwa su ji ko auduga ta cika ta. A irin su Athens kuwa tambayar ita ce: me wannan aikin ke faɗa, kuma mun taɓa ganin irinsa? Aikin da ya ci kyauta a wuri guda zai iya kasa ƙetare ƙofa a ɗaya wurin, ba kuma don an yi zalunci ba. Ni kafin in yanka ƙyalle na farko nake yanke shawarar inda aikin ya nufa.

Abin da sababbin shiga suka fi mamaki shi ne masu tantancewa ba sa ganin kwilt ɗin kansa. Hoto suke gani, galibi biyu: ɗaya na gaba ɗaya, ɗaya na kusa. Ba suna, ba labarin wahalar da aka sha, wani lokaci sai 'yar gajeriyar magana da mai aikin ya rubuta. Hotuna ɗaruruwa ne ke wucewa a allon kwamfuta, zagayen farko kuma da sauri ake yin sa. Saboda haka ɗinkin da na kwana ina yi da siririn zare, in bai fito a hoto ba, kamar ba a yi shi ba ne. Abin da ke tsayar da ido daga nesa shi ne tsarin haske da duhu, launi na biye. Shi ya sa bangon ɗakin yanka na lulluɓe shi da yadi mai gashi-gashi wanda ƙyalle ke maƙalewa ba sai da allura ba. In jera, in ja da baya har bakin ƙofa, in ɗauka da waya, in mayar da hoton fari da baƙi. Ja da kore da suka yi ta faɗa da juna a ido sai ka ga sun koma toka iri ɗaya, siffar da nake tsammanin ta fito ta nutse. Yarinyar da ke taya ni takan ce, "Anti, jiya fa kika ce an gama." Sai in miƙa mata wayar. Ranar ɗaukar hoton gaske kuwa mai hoto nake kira, ya kafa fitila biyu a gefe da gefe, a karkace, domin hasken da ya faɗo kai tsaye yana shafe tudu da kwarin ɗinki, aikin ya zama kamar takardar da aka buga.

Yadin da nake aiki da shi mafi yawa daga gida yake zuwa, kuma kowanne da halinsa. Rinin shuni na Ƙofar Mata a Kano babu irinsa a kantunan nan, domin shuɗinsa hawa-hawa ne, daga mai haske har wanda ya kusa zama baƙi, gwargwadon yawan tsomawa a karofi da shan iska. Matsalarsa zuba. Shuni ba ya shiga cikin zare, a bayansa yake kwanciya, don haka rarar tana gogewa a hannu, a haƙoran keke, a kan duk farin ƙyallen da ya yi maƙwabtaka da shi. Sai an yi ta wanki ana ɗauraya har ruwa ya fito garau, sannan in goga farin auduga mai laima a kai in gani. Wanda aka kai mabuga aka buga har yana sheƙi, wankin nan yana kashe sheƙinsa, sai dai ka zaɓa: ko sheƙi ko kwanciyar hankali. Idan na nace da sheƙin, to ba na ajiye fari kusa da shi, kuma aikin ba zai ga ruwa ba har abada. Shadda kuwa ba ta yafiya. Duk inda allura ta huda, ramin ya zauna, in ka farke ɗinki sawunsa na nan yana kallonka, ga santsi da ke sa hawa ukun zamewa. Siririyar allura mai kaifi nake sa mata, in rage gudu. Atamfa ta fi sauƙin kai, sai dai zanenta manya ne masu ƙarfi, in ba ka yi hattara ba mai masaƙa ne zai yi magana a aikinka ba kai ba. Nakan yanka ta ƙanana har zanen ya ɓace, launin kawai ya rage. Bisa Butler, wadda mahaifinta ɗan Gana ne, ta nuna abin da atamfa za ta iya a hotunan mutane da take haɗawa, har aka baje aikinta a gidan adana kayan fasaha na Art Institute da ke Chicago a 2020. Tun daga nan duk wanda ya ga atamfa a hannuna sai ya ambace ta. Yabo ne, amma gargaɗi ne kuma, domin mai tantancewa da ya hango inuwar wani a aikinka ya riga ya wuce gaba.

Masu zuwa kallo kan tambaye ni ko a ƙasarmu ana irin wannan ɗinki. Nakan nuna musu hoton 'yan lifidi a hawan Sallah. Lifidi yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, a yi wa doki da mahayi sulke da shi, kuma tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Dabarar ɗaya ce, aikin da aka sa ta ne ya bambanta. Wasu tsare-tsarena daga layukan lifidi na ɗauko su.

Bayan an gama haɗa fuska sai ɗinkin da ke riƙe hawa ukun, kuma a nan ne aiki ke karkacewa. Inda aka cika ɗinki yadi yana tsukewa, inda aka sassauta yana kumbura. Idan tsakiya ta sha ɗinki gefe bai sha ba, ranar da aka rataye shi sai ƙasansa ya yi ta lanƙwasa, ba ya kwanciya a bango. Maganin shi ne a daidaita yawan ɗinki ko'ina, sannan a fesa ruwa, a shimfiɗa a kan allo, a ja kusurwoyi da ma'auni a kafe da allurai har ya bushe. Baki kuma ba na kalmasa shi ta gaba kamar na gado, juya shi nake yi baya, don kada ido ya ga an yi wa aikin iyaka. A baya ana ɗinka dogon aljihu mai faɗin inci 4 da sandar rataya za ta shiga, da hannu, a bar masa 'yar sarara don sandar kada ta turo fuska. A kusurwar ƙasa a ɗinka ƙyalle mai suna da sunan aiki da shekara. Waɗannan duk a rubuce suke cikin ƙa'idojin shiga, tare da iyakar girma da shekarar da aka kammala aikin. Wasu wuraren ma ba sa karɓar abin da aka riga aka baje a wani wuri. Nakan buga ƙa'idojin a takarda in liƙa a bango, domin ana mayar da aiki mai kyau saboda inci guda.

Kuɗin shiga galibi dala 30 zuwa 50 ne, kuma ba a mayarwa ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Saƙon "muna baƙin ciki" ya fi na murna yawa a akwatin kowa, har waɗanda suka yi suna, kuma ba a cika faɗin dalili ba. In an dace, sabon kashe kuɗi ya fara: a naɗe aikin a jikin bututu fuska na waje, domin ninki yana barin layi, a sa a leda saboda ruwa, a samo dogon kwali, a biya inshora zuwa da dawowa. In an sayar, masu wurin su cire kasonsu. Duk wanda ya yi lissafin awannin da ya kashe ya raba da abin da ya shigo hannu, zai ga keke mai dogon hannu ya fi shi albashi.

To me ya sa nake yi? Saboda sunan wurin da ya karɓe ka shi ke sauya irin mutanen da ke buga maka waya. Masu ƙawata asibitoci da ofisoshi da ɗakunan karatu suna son aikin yadi domin yana rage amsa-kuwwa kuma yana ƙawata ɗaki, amma ba su san yadda za su auna shi ba, sai su duba jerin wuraren da aka tantance ka. Kafin in samu irin wannan jeri, da inci ake yi mini ciniki. Yanzu mai son aikin bango ba ya kawo zancen inci. Ɗalibai ma ta nan suke zuwa, ajin rini da na haɗa launi da nake yi ranar Asabar ya fi cika a watannin da aikina ke rataye a wani wuri. Ko masu kawo na gado suna amfana, domin hannun da ya saba da idon alƙali ba ya barin zaren ƙasa ya leƙo sama a bargon jariri.

Akwai wani abu da nake gaya wa duk mai saye tun kafin ya ba da kafin alƙalami. Baje kolin da ke yawo gari-gari kan riƙe aiki shekara biyu, wani lokaci fiye, kuma na sa hannu cewa ba zan janye shi a tsakiyar tafiya ba. Wanda ya gani a ranar buɗewa ya biya, sai ya jira har a gama zagayen kafin ya rataya a falonsa. Nakan rubuta wannan a takardar ciniki da ranar da ake sa ran dawowa, in karɓi rabi, sauran sai kwali ya iso shago mun warware mun duba tare.