Koya wa soja lokacin da ba a harbi

Duk sojan da aka turo mana horon shirin tafiya aikin kiyaye zaman lafiya ya riga ya iya harbi. Wasu ma daga Borno suka taho kai tsaye, ƙurar daji ba ta gama barin takalmansu ba. Aikinmu na malamai a Jaji, a cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Martin Luther Agwai, shi ne mu koya musu riƙe yatsa, kuma wannan ya fi koyar da harbi wuya nesa ba kusa ba.

A aji abin ba wuya. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya 3 ne: sai da yardar manyan ɓangarorin rikici ake shiga, ba a ɗaukar ɓangare, ba a sa ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da Kwamitin Sulhu ya ɗora. Kafin azahar kowa ya haddace. A fili ake gane wanda abin ya shige shi.

Mukan kafa shingen bincike da buhunan yashi da ganguna, mu sa wasu sojoji su tuɓe kaki su zama mutanen gari. Sai su taho da hayaniya, mai zagi na zagi, mai jifa da ledar ruwa na jifa, wani ya cusa hannu a aljihun riga ya ƙi fitarwa. Ni ba ruwana da fuskar mai tsaron shingen, yatsansa nake bi da ido. Da ya zame daga gefen bindiga ya hau kunama, sai in hura usur, a koma farko. Wani kofur ya taɓa ce min, "Oga, inda na fito, wanda ya tsaya tambaya shi ake ɗauko gawarsa." Gaskiyarsa ce, ban musa ba. A wurin aikin kiyaye zaman lafiya ma ana kai hari: a Haskanita ta Darfur, cikin 2007, an afka wa sansanin Tarayyar Afirka, kuma akasarin waɗanda aka kashe 'yan Najeriya ne. Sai dai harsashi ɗaya cikin taron 'yan gudun hijira yana iya sa gari guda ya daina yi wa bataliya magana, kuma bataliyar da ba a kawo mata labari ita ake yi wa kwanton ɓauna.

'Yan sanda nasu ciwon kan daban ne. Ana gwada su a harshe da tuƙi da harbi, kuma na ga manyan jami'ai da motar giyar hannu ta kunyata wajen ribas.

Zama da farar hula ne ya fi buɗe min ido. A wani kwas a Cibiyar Kofi Annan da ke Akara, an haɗa mu teburi ɗaya da ma'aikatan agaji. Muka tsara musu rakiya da motoci masu sulke, wata mata daga cikinsu ta ce ba sa so. Mu sojoji muka ɗauka raini ne. Ta ce ranar da aka ga buhun hatsinsu tsakiyar bindigoginmu, daga ranar ɗaya ɓangaren zai ɗauke su abokan gaba. Tun daga nan nake sa irin wannan gardamar cikin atisayena, in bar matasan hafsoshi su yi ta kumfar baki kafin in sa baki.

Akwai gargaɗin da nake keɓe wa yaranmu masu jin Hausa. A Sudan akwai Hausawa da kakanninsu suka zauna a kan hanyar aikin hajji, don haka ba abin mamaki ba ne ka ji an yi maka "sannu da aiki" a kasuwa. Daɗin yana shiga har ƙashi, kuma labari na samuwa ba tare da tafinta ba. Amma maƙwabcin da ba ya jin abin da kuke faɗa yana kallo, yana lissafin shagon wa kake yawan tsayawa. Nakan ce musu su amsa gaisuwa da kyau, su sayi shayi a nan yau, gobe su saya a tsallaken titi, kuma duk abin da suka ji su rubuta shi cikin rahoton sintiri kafin su kwanta.